Wane kwas na ciyar da karnuka da kyanwoyi ya cancanci kuɗina?

Tambaya: Ina zaune a Agege, ina aikin kula da karnukan gadi biyu a wani gida a Ikeja, kuma muna da kyanwa a gidanmu. Ina so in koyi ilimin ciyar da su ta intanet har in mayar da shi sana'a, amma ba ni da ƙarfi sosai. Yaya zan zaɓi kwas mai sauƙin kuɗi?

Amsa: Malam, shawarata ta farko ita ce kada ka fitar da ko sisi tukuna. Ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, ta ajiye takardun koyarwa kyauta a shafinta, ciki har da ma'aunin ƙiba mai mataki 1 zuwa 9, wanda kare mai lafiya yake tsayawa a 4 ko 5, wato idan ka shafa haƙarƙarinsa za ka ji ƙashi ba tare da ka danna ba, amma ba a hango shi daga nesa. Kamfanonin Purina da Hill's ma suna da darussa kyauta masu amfani, sai dai ka karanta kana sane da cewa abinci suke sayarwa. Wanda ya yi wata guda a kan waɗannan zai gane kwas na gaskiya idan ya gan shi.

Idan ka tashi biya, fara duba wanda yake koyarwa. A Udemy, wani shafin sayar da kwasa-kwasai ta intanet, kusan kowa yana iya ɗora darasi, saboda haka ka nemi malamin da ya bayyana digirinsa na likitancin dabbobi ko na ilimin abincinsu. A Coursera, wani shafin irinsa, jami'o'i da manyan cibiyoyi ne suke koyarwa, kuma ana iya neman tallafin kuɗi a kwasa-kwasai da yawa.

Daga nan ka gwada manhajar da abubuwa uku. Dole ta raba kyanwa da kare, domin kyanwa tana bukatar sinadarin torin daga nama, kuma tun 1987 aka tabbatar cewa rashinsa yana raunana zuciyarta, baya ga makantar da yake jawowa. Dole ta koyar da lissafin kalori, har ka iya gano da kanka cewa kyanwa mai kilo 4 tana ƙona kalori kusan 200 a rana ko da kwance ta wuni. Na uku shi ne daidaita kalsiyam da fosfaras, sinadaran da ke gina ƙashi, kuma wannan ne ya fi damuna. An taɓa kawo mini ɗan kwikwiyo ƙafafunsa na gaba sun lanƙwashe, yana kuka idan aka taɓa shi. Mai shi yana matuƙar ƙaunarsa, kullum tsokar nama zalla yake sayo masa wurin mahauta, bai san cewa tsoka ba ta da isasshen kalsiyam ba, jikin kwikwiyon kuma yana ta zuƙe shi daga ƙasusuwansa.

Ka kuma sani cewa yawancin darussan nan a Amurka da Ingila aka tsara su, inda ake dogara da abincin buhu, wanda a nan da dala ake shigo da mafi yawansa. Kai kuwa da shinkafa da kifi da ƙwai da kayan ciki za ka fi yin aiki, don haka kwas ɗin da ya koyar da haɗa abinci a gida ya fi maka amfani. Amma wajen haɗa abincin ka kula: laimar Legas tana sa masara da gyaɗa su yi fumfuna mai gubar da ke lalata hanta, albasar da ke cikin ragowar miyarmu kuma tana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, ko ɗanya ko dafaffiya.

Takardar shaidar da za ka samu za ta taimaka wajen samun masu ba ka aiki, amma ba lasisi ba ce. Hukumar likitocin dabbobi ta Najeriya, VCN, ita ce mai rajistar masu duba dabba da rubuta magani, saboda haka duk karen da ke fama da ciwon ƙoda ko ciwon suga, likita ne zai tsara abincinsa, kai kuma ka bi tsarin.