Hankali ya kwanta, amma ƙiba ta taso

Tambaya: Ɗana mai shekara 24 yana shan olanzapine saboda taɓin hankali. Alhamdu lillahi ya daina surutai, yana samun barci. Amma cikin wata 4 ya ƙara kilo 9, tsakar dare ma sai ya tashi neman abinci. Kakarsa na murna, wai lafiya ce ta samu. Maƙwabciyata kuwa ta ce in sayo masa shayin rage ƙiba a kasuwa, ko in tsayar da maganin. Wanne zan yi? Daga wata uwa a unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya, ya saka miki da wannan ɗawainiya. Kada ki tsayar da maganin. Yanke shi lokaci ɗaya na iya dawo da ciwon, wani lokaci har ya fi na farko tsanani.

Yunwar nan ba kwaɗayi ba ce, don haka a daina yi masa faɗa a kanta. Olanzapine na toshe wuraren da sinadaran histamin da serotonin ke aiki a sashen ƙwaƙwalwar da ke sanar da mutum ya ƙoshi. Sai ya tashi da kwanon tuwo, cikinsa ya cika, amma saƙon ƙoshi bai iso ba. Ga kasala da yawan barci. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ido ba ya gani: maganin na raunana aikin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jiki, sukari da kitse su hau a jini, wani lokaci tun kafin ƙibar ta bayyana. A babban binciken CATIE da aka wallafa a Amurka a 2005, kashi 30 cikin 100 na masu shan olanzapine sun ƙara sama da kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. A lallashi kaka a fahimtar da ita, wannan ƙibar ba ta jin daɗi ba ce.

Shayin kuwa, riƙe kuɗinki. Yawancinsu zawo da fitsari kawai suke sawa, kuma ba ki san abin da aka zuba a ciki ba. Da kuɗin nan a yi masa awon sukari kafin ya karya kumallo, da awon kitsen jini da na hawan jini. A riƙa ɗora shi kan sikeli duk wata, kina rubutawa a ɗan littafi, ki kai wa likitan da ya rubuta maganin.

Magungunan taɓin hankali ba ɗaya ba ne. Olanzapine da clozapine ne kan gaba wajen sa ƙiba, risperidone da quetiapine na tsakiya, aripiprazole da haloperidol ba su cika sawa ba. Sai dai kowanne da nasa: haloperidol na kawo sandarewar jiki da karkarwa, aripiprazole kan hana mutum zama wuri ɗaya. Likita ne zai duba ko a sauya a hankali, ko a haɗa masa da metformin, maganin ciwon sukari. Kada a sayi ko ɗaya a hannun masu tallar magani a faranti.

A gida, a fara da rage abin sha mai zaƙi: lemun kwalba, sukarin da ake antaya wa fura, da shayin majalisa zagaye uku. Ki ajiye masa kwaɗon zogale ko dafaffen wake don yunwar dare maimakon fanke, wani ɗan'uwansa kuma ya riƙa raka shi tattaki bayan la'asar. Idan kika ga ƙishirwa ta yi masa yawa, yana yawan fitsari, wataƙila sukarinsa ne ya hau, kada a jira ranar komawa, a kai shi asibiti a ranar.