Me ya sa mutanen Tamil Nadu ke ƙin harshen Hindi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun muna yara muke kallon finafinan Indiya, har wasunmu suna jin Indiyanci. Sai ga shi na ji a labarai jihar Tamil Nadu tana rigima da gwamnatin tarayya a kan koyar da Hindi a makarantu. Ashe ba shi ne harshen ƙasar ba? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Indiya ba ta da harshen ƙasa guda ɗaya. Kundin tsarin mulkinta na 1950 ya ce Hindi ne harshen aikin gwamnatin tarayya, ya kuma bar Turanci ya ci gaba da aiki na shekara 15. Harsunan da kundin ya amince da su yanzu sun kai 22. Idan kuɗin Indiya ya shigo hannunka, juya bayan takardar rufi ɗin, za ka ga an jera darajarta cikin harsuna 15, ban da Hindi da Turanci. A ƙidayar 2011 kusan kashi 44 cikin ɗari ne aka lissafa da Hindi a matsayin harshen uwa, kuma sai da aka haɗa da masu Bhojpuri da Rajasthani kafin adadin ya kai haka.

Shi kuwa Tamil, harshen mutanen Tamil Nadu, ba dangin Hindi ba ne. Yana cikin harsunan Dravidiya na kudu tare da Telugu da Kannada da Malayalam, tazararsa da Hindi kamar ta Hausa ce da Yarbanci. Ga kuma adabi na sama da shekara dubu biyu da Tamilawa ke alfahari da shi.

Amma alfahari kaɗai ba ya fitar da mutane kan titi. Abin da ya tayar da hankali shi ne aiki. Da wa'adin Turanci ya zo ƙarewa ranar 26 ga Janairu 1965, ɗaliban jihar Madras (sunan Tamil Nadu ke nan a lokacin) suka yi lissafi: in jarrabawar shiga aikin tarayya ta koma Hindi, yaron Uttar Pradesh, jihar masu Hindi, zai rubuta da harshen da ya tashi da shi, yaron Madurai, birnin Tamilawa, kuma da harshen da ya koya da ƙyar. Turanci baƙo ne ga kowa, wahalarsa ɗaya ce a kan kowa. Zanga-zanga ta ɓarke, wasu matasa suka cinna wa kansu wuta, 'yan sanda suka yi harbi, aka rasa rayuka da dama. Ministocin tarayya biyu 'yan jihar suka miƙa takardar murabus. Firaminista Lal Bahadur Shastri ya fito a rediyo ya sabunta alkawarin da Nehru, firaministan Indiya na farko, ya yi tun 1959, cewa Turanci zai zauna muddin jihohin da ba sa jin Hindi suna so. A 1967 aka gyara Dokar Harsunan Gwamnati ta 1963 domin ɗaure wannan alkawari. A shekarar ce kuma jam'iyyar DMK ta C. N. Annadurai ta kayar da Congress, jam'iyyar su Nehru da Shastri, a jihar, kuma Congress ba ta sake kafa gwamnati a can ba har yau. Duk ɗan siyasar Tamil Nadu ya san wannan tarihi, shi ya sa ba mai wasa da maganar.

A ganina abin da ya fi riƙe Indiya shi ne zana iyakokin jihohi bisa harshe. Nehru bai so haka ba da farko, yana tsoron a sake rabuwa irin ta 1947, lokacin da Pakistan ta rabu da Indiya. Sai da Potti Sriramulu ya mutu a Disamba 1952 yana yajin cin abinci don neman jihar masu Telugu, sannan aka kafa Andhra a 1953, aka sake fasalin jihohi a 1956. Kowace babbar al'umma ta samu majalisa da makarantu da harshenta. Maƙwabta sun ɗauki wata hanya: Pakistan ta nemi ɗora Urdu a kan Bangalawa (mutanen Bangladesh ta yau), Sri Lanka ta yi dokar Sinhala zalla a 1956, kuma rigimar harshe na cikin abubuwan da suka kai kowace daga ƙasashen biyu ga yaƙin basasa.

Rigimar da ka ji ta samo asali ne daga tsarin koyar da harsuna uku a makarantu na 1968, wanda manufar ilimi ta 2020 ta sake jaddadawa. Tamil Nadu tun 1968 harshe biyu take koyarwa, Tamil da Turanci. Gwamnatin Narendra Modi ta ce manufar ba ta tilasta Hindi ba, kuma a rubuce gaskiya ne. Jihar ta ce a aikace malaman Hindi ne za a fi samu, don haka harshe na uku Hindi zai zama. Da tarayya ta riƙe wasu kuɗaɗen ilimi na jihar saboda ƙin bin manufar, sai magoya bayan DMK suka koma shafa baƙin fenti a kan rubutun Hindi na allunan tashoshin jirgin ƙasa. Ni dai ina ganin riƙe kuɗin makarantun yara don a tanƙwara jiha kuskure ne. Dubban Tamilawa suna koyon Hindi da kansu, 'yan kasuwar Chennai, babban birnin jihar, suna jin sa saboda leburorin Bihar da ke aiki a wurinsu, ba wanda ya tayar da ƙura a kan haka. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne Delhi ta yanke musu abin da 'ya'yansu za su koya.