Na dawo Texas da Porsche ɗina, dole sai na huda bamfa na sa lambar gaba?

Tambaya daga wani ɗan'uwa mazaunin Houston, Amurka:

Salam Malam, barka da ƙoƙari. Da a Atlanta nake zaune, yanzu aiki ya dawo da ni Houston. Ina da Porsche 718 Cayman da na saya hannu na biyu, kuma a Jojiya lamba ɗaya ake bayarwa ta baya kawai, don haka bamfar gaba tas take ba ko ɗigon huji. Yanzu an ce min a Texas dole sai lamba biyu. Wallahi ba na son a huda min bamfa. Wani abokina ya ce in ajiye lambar a kan dashbod ta jikin gilashi, wani kuma ya ce in manta kawai don shi ya daɗe yana yawo babu ita ba wanda ya tare shi. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin, kuma akwai hanyar da zan bi ba tare da na ɓata motar ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa an dawo a sa'a. Eh, dole ne ka sa ta, amma a'a, ba dole ba ne ka huda bamfa. Mutane suna haɗa abubuwan nan biyu wuri ɗaya, sai su ga kamar in dai za su bi doka to sai sun bari an kafa musu sukuru a hancin mota, alhali doka ba ruwanta da yadda ka maƙala, ita dai ta ga lambar a inda ta ce.

A Amurka maganar lambar mota ba ta gwamnatin tarayya ba ce, kowace jiha da nata tsarin. Jihohi sama da 20 lambar baya kaɗai suke nema, irin su Jojiya da ka baro, Fulorida, Mishigan, Fensilbeniya, Arizona, Ohayo ma ta shiga cikinsu tun 1 ga Yulin 2020, Yuta kuma daga farkon 2025. Sauran, ciki har da Texas da Kalifoniya da New York, biyu suke so. Kuma dokar jihar da aka yi wa motar rajista ita take bin motar, shi ya sa in da ziyara ka zo Houston da lambar Jojiya ba wanda zai ce maka ina ta gaba. Amma kai ba baƙo ba ne yanzu, ka tare, kuma Texas kwana 30 take ba sabon mazauni ya mayar da rajistar motarsa. Ranar da suka miƙo maka faranti biyu, daga ranar sashe na 504.943 na dokar sufurinsu ya hau kanka, wanda ya ce tuƙa mota ba lamba gaba da baya laifi ne, tara tana iya kaiwa dala 200.

Na san abin da zai zo maka a rai, ai sai in bar rajistar a Jojiya da adireshin wani ɗan'uwa. Kar ka soma. Ba ma maganar 'yan sanda ba, maganar inshora ce, don kamfanin inshora yana yanka maka kuɗi ne bisa inda motar take kwana, in ka ce musu Atlanta alhali a Houston take kwana, ranar da tsautsayi ya faɗa suka bincika suna iya ƙin biya, kuma gyaran gaban Cayman ba abin da mutum zai so ya biya daga aljihunsa ba ne.

To abokinka na farko mai dashbod. Wannan shawara an riga an kai ta kotu an kayar da ita. A 2010 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta laifuka a Texas ta yi hukunci a shari'ar Spence, mutumin da aka tare lambarsa tana jingine a gilashin gaba, kotun ta ce gaba yana nufin can ƙarshen gaban mota, wajen bamfa, ba duk inda ake iya hangowa daga gaba ba. Ƙa'idar hukumar rajistar motoci ta jihar ma ta fayyace, lambar ta kasance a waje, a ɗaure gam, a kwance yadda ake karanta ta, kuma ƙasanta ya kai aƙalla inci 12 daga ƙasa. Riƙe wannan inci 12 ɗin, zan dawo kansa don shi ne yake kama masu gajerun motoci. Ban da doka ma, farantin ƙarfe mai kaifin baki a kan dashbod, a motar da take da balan-balan ɗin kariya a gefen fasinja, in aka yi karo ina kake tsammanin zai nufa?

Abokinka na biyu kuwa ba ƙarya ya yi ba, akwai motoci birjik a Houston da Dallas masu yawo ba lambar gaba, Tesla da Corvette da sauransu, kuma da yawa ba a taɓa tare su ba. Amma ni abin da nake so ka gane shi ne tarar ba ita ce matsalar ba. Dala 200 ga mai Porsche ba za ta hana shi barci ba, kuma dokar ma ta ba kotu dama ta yi watsi da tuhumar in ka gyara kafin ranar zamanka na farko ka biya ɗan kuɗin da bai wuce dala 10 ba. Matsalar ita ce ka miƙa wa duk ɗan sandan da ya ga dama dalilin tsayar da kai a kowane lokaci, dare ko rana. Tun 1996, a shari'ar Whren, Kotun Ƙolin Amurka ta ce matuƙar akwai laifin hanya na gaske, komai ƙanƙantarsa, tsayarwar ta halatta ko da a zuciyarsa wani abu daban ɗan sandan yake son dubawa. A 2001 kuma, a wata shari'a da ta taso daga Texas ɗin nan, garin Lago Vista, kotun ta ce kama mace da aka yi saboda rashin ɗaura bel bai saɓa wa tsarin mulki ba. Ba cewa nake za a kama ka kan lambar gaba ba, yawanci gargaɗi ne ko tikiti. Amma kai baƙar fata ne, da harshenka na baƙo, cikin mota mai jan ido, ƙila ma takardunka na zama suna kan hanya, me zai sa ka riƙa yawo da dalilin tsayarwa a goshin motarka? Abokin naka in ya zaɓi haka lissafinsa ne, ni dai ba zan ba ka wannan shawarar ba.

Kuma kar ka ɗauka akwai rangwame don motar ta tsere ce. Nebada tana da irin wannan, in kamfanin da ya ƙera motar bai yi mata wajen maƙala lambar gaba ba an ɗauke maka. Kalifoniya kuma, bayan dokar da aka sa wa hannu a 2022, ta yarda da lambar gaba ta sitika da ake liƙawa a bamfa, amma ta hannun wanda hukuma ta amince da shi. Mutane suna ganin hotunan nan a intanet sai su je su buga sitikar lambarsu su liƙa a Texas, to a nan ba lamba ba ce, kwaikwayo ne, farantin da jiha ta ba ka shi ake nema. An sha kai ƙudiri majalisar Texas a soke lambar gaba, bai wuce ba, 'yan sanda suna cewa da ita suke gane mota mai tahowa, kyamarorin karanta lamba ma haka.

Yanzu ga abin da ya dame ka, yadda za a sa ba huji.

Wanda na fi ba masu irin motarka shawara shi ne maƙalin da ake ɗaurawa a ramin janwe. Duba bamfarka ta gaba za ka ga wani ɗan murfi ƙarami, in ka ɓalle shi akwai rami mai zare a ciki, nan ake murɗa ƙugiyar da ake jan mota da ita in ta mutu, ƙugiyar tana cikin kayan aikin da ke but ɗin gaba. Ana sayar da sanda mai zare daidai da wannan rami, da faranti a bakinta, ka murɗa ta ka ɗaura lambar, shikenan. Ba huji ba gam, ranar da za ka sayar da motar ko ka koma jihar lamba ɗaya ka kwance ka mayar da murfin. Lambar za ta zauna a gefe ba tsakiya ba, wasu ba sa son haka, amma ai Alfa Romeo ta daɗe tana sa tata a gefe tun daga kamfani saboda hancinta mai kusurwa uku, Lancer Evolution ma haka don kar a toshe iska, kuma ba wanda ya ce sun yi muni. Sai dai ka sayi wanda aka yi wa 718 takamaimai, don zaren ramin ya bambanta daga mota zuwa mota, in ka tura wanda bai dace ba ka cinye zaren, ranar da kake buƙatar janwe sai ka rasa inda za a kama.

Abu biyu za ka lura da su a nan. Na farko sensocin fakin, waɗannan ƙananan da'irori da ke jikin bamfa. In lambar ta zo kusa da ɗaya, motar za ta riƙa ƙara kamar za ka daki bango alhali ba komai gabanka, duk sanda ka tsaya a danja sai ta dame ka. Masu kyau ana iya matsar da farantinsu sama ko gefe ko a ɗan karkata shi, ka sa wani ya zauna a ciki da mota a kunne kana matsarwa har ƙarar ta ɗauke sannan ka ɗaure. Na biyu iska. Injin Cayman a tsakiya yake bayan kujeru, amma lagiretocinta a gaba suke, a manyan ramukan nan na hagu da dama, don haka kar farantin ya sauko ya rufe bakin ramin. A sanyi ba za ka ga bambanci ba, amma zafin Houston na watan Agusta cikin cunkoson babban titin I-10 ba wasa ba ne. In motarka tana da radar ɗin nan mai riƙe tazara tsakaninka da na gaba, shi ma kar komai ya tsaya gabansa.

Akwai kuma maƙalin da ake ɗaurawa ta ƙarƙashin bamfa a jikin sukurorin da suke can tun asali, lambar ta leƙo gaba, ana zare ta da fil ɗaya in za a ɗau hoto ko an je filin tsere, samfurin STO N SHO na cikin sanannu. Yana da kyau, amma nan ne inci 12 ɗin nan yake shigowa. Tsayin farantin Amurka inci 6 ne, faɗinsa 12, kenan in ƙasansa zai kai inci 12 daga ƙasa to samansa yana wajen 18, kuma hancin Cayman a ƙasa yake sosai, balle in an ƙara sauke ta. Ɗauki tef ka auna kafin ka biya kuɗi. Ga kuma hawa gareji da tudun rage gudu, abin da ya fi kowa sauka shi yake fara cin ƙasa.

Hanya ta uku ita ce maƙali mai gam, irin salatif ɗin 3M mai fuska biyu. Yana riƙewa in an wanke wajen da kyau an manna a busasshe, amma ni ban cika natsuwa da shi ba a gari mai zafi da laima, ga injin wankin mota mai burushi, wata rana sai ka fito ka ga ba lamba, ka koma layin neman wata. In za ka yi, fara sa ledar kariya ta fenti a wajen sannan ka manna a kanta, don ranar cirewa ledar ce za ta sha wahala.

Wanda zan ce ka nisanta gaba ɗaya shi ne mai rimot, wanda ake dannawa lambar ta kife ko ta shige ciki. Texas tana da doka ta musamman kan na'urar juya lamba, mallakarta kaɗai laifi ne daban, kuma ɗan sanda in ya gani ba zai ɗauka don kwalliya ka sa ba, zai ɗauka kuɗin tolget kake gudu ko wani abin da ya fi haka. Haka murfin roba mai duhu, da firam mai kauri da yake cinye sunan jiha, dokarsu ta hana abin da zai rufe rabin sunan jihar ko ya dusashe harufan. Wannan ɗabi'ar ta manya a gida ta sa wa lamba riga, a bar ta a gida. Kar kuma ka yanke farantin ko ka naɗe gefensa don ya shige wani lungu.

Sai gargaɗin da ya fi kowanne saurin faruwa: duk ranar da ka kai motar dila ko gareji don sabis, faɗa musu da baki kuma ka sa a rubuta a takardar aiki cewa kar a huda bamfar gaba. A jihar lamba biyu yaran shago sun saba, suna ganin mota ba maƙali sai su ɗauko na kamfani su kafa sukurori, a ganinsu taimakonka suka yi. In kuma hakan ta riga ta faru ba ƙarshen duniya ba ne, ana sayar da 'yan ƙananan matosai masu launin fentin mota, lambar launin tana cikin takardun motar ko ka ba dila lambar shasi su faɗa maka, daga taku biyu ba mai lura.

Don haka ka yi odar maƙalin ramin janwe tun yanzu kafin ka je ofishin harajin gundumar Harris, inda Houston take, yin rajista, don a nan ake yi, kuma sai motar ta wuce gwajin hayaƙi tukuna tunda gundumar tana cikin masu nemansa. Ka tafi da maƙalin da sukundireba a mota, suna ba ka farantan ka ɗaura duka biyun a wajen fakin kafin ka hau titi.