Kutsen da ba a gama haɗawa ba: in saka wa na'urar gem ɗina ko in jira?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga gem a Kano, da PS3 da PS4 nake aiki. A wani zaure na Telegram an ɗora wani fayil, wai sabon kutse ne da ya sulale daga hannun masu haɗa shi tun ba su gama ba. Wasu na cewa a saka kawai, wasu kuma na zagin masu haɗawar, wai rowa ce ta sa suke ɓoye aikinsu. Akwai haɗari in na saka? Kuma wanne ya fi, aikin da ake yi a fili ko wanda ake yi a ɓoye?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka saka shi. Na'urorin nan su ne jarinka, wanda ya ɗora fayil ɗin kuwa ba zai biya ka ko sisi ba in ta mutu.

Abin da za ka fara tambaya game da kowane kutse, wato dabarar sa na'ura ta karɓi manhajar da kamfaninta bai amince da ita ba, shi ne: a ina yake rubutu? Akwai wanda yake zama a ƙwaƙwalwar wucin gadi kawai, da ka kashe na'ura ya tafi. Yawancin na PS4 haka suke, irin wanda ya fito wa manhajar PS4 mai lamba 9.00 a ƙarshen 2021, da wani mai suna PPPwn da mai kutse TheFloW ya saki a 2024 mai aiki har zuwa 11.00. In irin wannan ya yi tuntuɓe, na'ura ta kashe kanta, ka kunna ta duba faifanta, wani lokaci ka yi asarar abin da ka adana. Akwai kuma wanda yake rubutu a cikin fulas, wato ɗan cif ɗin da ke riƙe da umarnin farko da na'ura ke karantawa in an kunna ta. Nan ne ake mutuwa. In aka ɓata wannan wurin, ba allo, ba menu, ba ƙofar da za ka bi ka gyara, sai dai a buɗe na'urar a yi soda, shi ma sai in kana da kwafin fulas ɗin da ka ɗauka tun tana lafiya. PS3 ɗinka ita ce ke cikin wannan haɗarin, domin manhajar da ake sauya mata a fulas take zama.

An riga an ga haka. A Janairun 2011, makonni kaɗan bayan ƙungiyar masu kutse ta fail0verflow ta bayyana a wani taro a Balin cewa Sony ta yi kuskure wajen sa hannun sirri a manhajojinta, kowa ya shiga rige-rigen fitar da tasa manhajar PS3 mai lamba 3.55. Wani sanannen mai kutse, Waninkoko, ya saki tasa, ta yi aiki a wasu na'urori, ta kashe tsofaffin PS3 masu ƙiba da ke da fulas mai megabait 256. Ba mugunta ya yi ba, gwajin ne bai kai ko'ina ba. PS3 suna ɗaya ne, amma cikinta kala-kala ne. Samfurin 3000 da 4000 ba sa karɓar cikakkiyar manhajar da aka sauya ta hanyar da aka saba, sai dai wani ƙaramin kutse mai suna PS3HEN, kuma wanda ya matsa ya rubuta musu a fulas ya kashe su. Aikin da aka gama yakan duba samfurin na'ura ya ƙi ci gaba in bai dace ba, wannan dubawar kuwa galibi ita ake ƙarawa a ƙarshe. Ka haɗa da halin wutarmu: a ɗauke ta ana tsakiyar rubutu, ko kutsen mai kyau ne an gama da na'urar.

Duk wannan ma in fayil ɗin na gaske ne. A Oktoban 2005 wani fayil ya yaɗu da sunan yana mayar da PSP, ƙaramar na'urar gem ta hannu ta Sony, tsohuwar manhaja, ashe goge muhimman fayilolin fulas yake yi. Sai a 2007, da aka samo dabarar batirin Pandora, aka iya tayar da irin waɗannan na'urori cikin sauƙi. A PS4 yaudarar ta fi arha: na'urar ba ta karɓar fayil ɗin sabuntawa sai mai sa hannun Sony, don haka abin da aka ba ka ko dai ta ƙi shi, ko kuma ya zama sabuwar manhajar Sony ce aka sauya wa suna. Ka saka, ka haura sama, ba kuma fayil ɗin da zai dawo da kai ƙasa.

Batun rowa kuwa, masu zagin nan ba su yi adalci ba. Kuskuren da ake bi a shiga na'ura kamar ɓarakar katanga yake, ranar da mai gida ya gan ta ranar zai liƙe. In rabin aiki ya fita, kamfani ya gani ya toshe a sabuntawa ta gaba, jama'a ba su amfana da komai ba, shekara guda ta wahala ta tafi a banza. Mai kutse George Hotz ya sanar da shigarsa PS3 a Janairun 2010, a lokacin abin bai kai talaka ya mora ba, amma zuwa Afrilu Sony ta cire damar ɗora wa PS3 manhajar kwamfuta ta Linux gaba ɗaya a manhaja 3.21, har waɗanda ba ruwansu suka yi asara. A Janairun 2011 ta kai shi kotu. Wasu masu kutsen kuma shirun nasu alkawari ne: sun kai wa kamfani rahoto, an ba su lada, an sa musu lokacin da za su iya magana. Saboda haka yin shiru kafin a gama, ni ban ga laifinsa ba.

Inda nake da magana shi ne bayan an saki aiki. A nan na fi yarda da wanda ya baje kod ɗinsa, wato rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi, kowa ya karanta, kuma dalilina tarihi ne. A farkon 2014 aka gano cewa masu katin kutse na Gateway na 3DS, na'urar gem ta hannu ta Nintendo, sun dasa umarnin da ke kashe na'ura in ya ga alamar ana amfani da kwafin katinsu. Faɗansu da masu kwaikwayonsu ne, amma na'urorin masu saye ne suka mutu. A 2018 masu bincike suka tono irin wannan tarko a cikin SX OS na Team Xecuter, manhajar kutsen Nintendo Switch da ake saya da kuɗi, suka kuma nuna cewa ta ɗebi kod daga Atmosphère, wadda kyauta ce kuma a buɗe take. Tarko irin wannan ba ya daɗewa a inda ɗaruruwan idanu ke dubawa. (Ɗaya daga cikin mutanen Xecuter, Gary Bowser, an yanke masa hukuncin ɗaurin wata 40 a Amurka a 2022, wannan kuma darasi ne ga mai ganin sayar da kutse sana'a ce mara haɗari.)

Amma kada a ɗauka duk rufaffen aiki mugu ne. Homebrew Channel na na'urar Wii ta Nintendo ya fito a 2008, ba a buɗe kod ɗinsa ba sai 2016, kuma yana cikin ayyukan da aka fi yabo wajen taka-tsantsan. Masu shi sun rufe ne don kada Nintendo ta gane dabararsu da wuri, da kuma don 'yan damfara da ke sayar wa mutane abin da kyauta ne. GoldHEN da masu PS4 da yawa ke amfani da shi ma a rufe yake. Haka nan buɗaɗɗen kod yana da tasa matsalar: kowa na iya ɗaukar aikin jiya da daddare, wanda mai shi bai ce ya nuna ba, ya haɗa ya yaɗa a zaure da sunan sabon fitowa. Ina zargin fayil ɗinku ko dai wannan ne, ko kuma na bogi ne ɗungurungum. Bambancin shi ne, a rufaffen aiki sunan mai shi kaɗai ka dogara da shi, a buɗaɗɗe kuwa akwai wanda zai iya tabbatarwa ko da kai ba ka iya karanta kod ba.

Ga abin da zan ce ka yi. Ka kashe sabuntawa ta atomatik a na'urorinka, ka bar su a manhajar da suke, domin kutse kusan kullum tsohuwar manhaja yake kamawa. Ka sauke komai daga shafin mai aikin kansa, yawanci a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ka bar makonni su wuce ka ji abin da ya faru da masu irin samfurinka. Kafin a taɓa fulas na PS3, a duba lambar samfurin da ke jikinta, a ɗauki kwafin fulas ɗin a ajiye a wuri biyu, a yi aikin a kan inbata ko batirin da ba zai yanke ba. Na'urar da aka yi wa kutse kada ta shiga PSN, wato dandalin intanet na PlayStation, Sony na rufe asusu da na'urar kanta. Ka kuma sani cewa buɗe na'ura don manhajojin da masu sha'awa suka rubuta daban ne, ɗora kwafin gem da ba a saya ba daban, na biyun keta haƙƙin mallaka ne a dokar Najeriya. In kuma dole sai ka yi gwaji, ka yi a kan na'urar da ba ita ke kawo maka kuɗin cefane ba.