Tambaya da Amsa: Muna so mu hada gidauniya saboda gidan rainon yaranmu, ta ina zan fara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni ma'aikaciyar jinya ce, tunda na koma aiki bayan hutun haihuwa nake kai yarona wani gidan raino a unguwarmu, yanzu watansa 14. Matar dake rike da gidan wallahi mutuniyar kirki ce, mijinta ya rasu, tana da 'yan mata biyu masu taya ta, yaran sun kusa 20 kuma kudin da take karba bai taka kara ya karya ba. Matsalar dakin da yaran ke kwana yoyo yake, daminar bara sai da aka rinka tara bokitai, katifu duk sun mutu, ga zafi in an dauke wuta. Mun yi maganar a guruf dinmu na iyaye, wasu sunce a yi gidauniya a gayyato manya, wasu sunce ai sana'arta ce ita ya kamata ta gyara, har an fara 'yar hayaniya. Ni aka dora wa shirya abun kuma ban taba yi ba. Dan Allah ki bani shawara.

Wata uwa, daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya mana yaro ya saka miki da alheri.

Kafin maganar taro ki fara da wadancan da suka ce sana'arta ce, kar ki dauke su a matsayin marowata dan maganarsu tana kan hanya, kuma in ba a amsa musu ba tun yanzu to su ne zasu tada maganar bayan an tara kudi. Amsar da zaki basu itace, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wane abu ne bai tashi ba, kwano ne ko katako ko kudin mota, amma baiwar Allahn nan tana nan tana rike muku yara a kan kudin da ke da kanki kika ce bai taka kara ya karya ba, kinga ashe ku ne kuke cin moriyar saukin. Ko dai ta kara kudi ta gyara, ko ku taru ku gyara kudin ya tsaya yanda yake, dayan biyu ne.

Sai ki je ki zauna da ita ku biyu kawai, ki nemi izininta, dan akwai wadda zata ji kamar an tona mata asiri a unguwa in ta wayi gari taga ana yawo da sunan gidanta ana neman taimako. A zaman nan ki tambaye ta abu daya da mutane ke mantawa: gidan nata ne ko haya take? In haya ne, kwanon da zaku buga na mai gida ya zama, gobe yana iya cewa ta tashi ko ya kara mata kudi tunda gida ya gyaru. To a samu mai gidan a gaban mai unguwa a yi yarjejeniya a rubuce, ko a cire kudin gyaran daga haya ko ya yarda bazai tashe ta ba zuwa wani lokaci. Su katifa da fanka da sola kuma a rubuta cewa na rainon yara ne, duk inda ta koma da sana'ar su bi ta.

Daga nan a kira kafinta biyu daban daban kowa ya hau ya duba ya rubuto kiyasi, bandir nawa na kwano, katako nawa, kusa, silin, kudin aiki. Ki tura mutum kasuwar Sabon Gari ya jiyo farashin katifa da ledar kasa da fanka mai caji. Wannan takardar ita ce gidauniyar taku gaba daya. Mutum in kika ce masa a taimaka wa gidan raino sai ya miko abun da ya ga dama, amma in kika ce Alhaji saura katifa 4 gashi farashin kowace, sai kiji yace a rubuta masa biyu. Kuma ku karbi kaya ba sai kudi ba, wani uban kafinta ne zai iya yafe kudin aiki, wani mai shagon kayan wuta ne.

Yanzu maganar da tafi damuna, wato hannun da kudin zai shiga. Dan Allah 'yar uwa kar ki bada lambar asusunki da albashinki ke shiga, ko da kin yarda da kanki dari bisa dari, dan ranar da kudin cefane ya gauraya da na jama'a ke kanki bazaki iya warwarewa ba, kuma kar a tura asusun mai gidan rainon, ba dan ana zarginta ba, dan a kare mata mutunci ne. A zabi mutum uku, ma'aji da mai rubutu da wani dattijo ko dattijuwa da kowa ke jin kunya. A ware asusu guda wanda babu komai a ciki sai wannan kudin, duk abun da ya shigo a rubuta a littafi, kullum da dare a saka jimla a guruf kowa ya gani. Wanda baya so a fadi sunansa a rubuta wani bawan Allah amma adadin dole ya fito. Sannan kar ma'aji ya yarda da hoton taransifa ko alat kawai, ya bude asusun ya ga kudin sun zauna, alat na bogi yayi yawa yanzu.

Shi taron kuwa, ni banga dalilin kama dakin taro ba. Ki lissafa hayar wuri da kanofi da kujeru da mai kida da janareto da abincin manyan baki da kati mai kyalli, sai kiga kudin kwanon ya tafi kafin a fara. Ku yi a kofar gidan ko filin makarantar unguwa, a aro tabarmi da benci, lasifika daya ta isa. Kuma maganar a gayyato manya, a gayyata babu laifi amma kar a jingina da su, mun sha ganin babban mai kaddamarwa ya karbi lasifika ya ambaci kudi mai kauri aka yi tafi, bayan sati biyu waya bata shiga. Abun da ya shigo hannu shi kadai za'a kirga, alkawari a rubuta shi a shafi daban. Wadanda zasu fidda ku su ne kakannin yaran da kawunnai da gwaggonni, abokan aikinku, mai kemis da mai shagon bakin layi, da iyayen da yaransu suka tashi a hannun matar nan yanzu suna firamare, wadannan kar ki manta da su dan sun san darajarta fiye da kowa. Ki bi su tun sati biyu ko uku kafin ranar, yanda za'a shiga taro an riga an samu fiye da rabi, mutane sun fi sakin hannu in sunga abu ya kusa kammala.

Ranar Asabar ta farko bayan an yi albashi ta fi dacewa, daga la'asar a tashi kafin magariba. Kar ya hadu da hidimar sallah ko satin biyan kudin makaranta, kuma a yi shi da wuri yanda kafinta zai gama kafin ruwa ya sauka, dan in aka kai Yuli da Agusta ba'a yaye kwano. A sanar da liman, in akwai iyaye Kirista a cikinku suma su sanar a cocinsu. Iyaye mata su yi zobo da kunun aya da awara da fanke a sayar a wurin ribar ta shiga asusu. A raba ambulan a kofa kowa ya saka nasa a rufe, mai dari biyar bazai ji kunyar mai dubu hamsin ba.

Yaran kuma dan girman Allah kar a basu kwano su zaga, kar a dauki hoton dan wani a watsa a Facebook ba da izinin iyayensa ba. Hoton silin da ya rube da katifun ya wadatar. In an gama aiki a saka rasit din komai a guruf, a kira wadanda suka bada kudi su shigo su ga dakin da idonsu, abun da ya rage kuma a bar shi a asusun, iyaye su rinka zuba dan wani abu duk wata saboda gyaran gaba.

TAMBAYA

Anti mu ma muna shirin irin wannan taron a makarantar 'yata, an kawo shawarar a sayar da tikiti a yi kuri'a wanda ya ci ya tafi da firji, wani kuma yace zai bada zakkarsa. Ya kike gani?

Wani uba, daga Kaduna

AMSA

Malam, maganar tikitin nan ku bar ta. Mutum ya bada kudi yana fatan ko ya ci ko ya rasa, malamai da yawa caca suke kiransa, kuma ko kun samu kudi zaku rasa mutanen da kuka fi bukata. In akwai wanda ya bada firjin kyauta a yi gwanjonsa a fili, wanda ya fi tayi ya biya ya dauka, haka atamfa ko turaren wuta da mata zasu kawo. Zakka kuma tana da mutanenta, kashi 8 ne aka lissafa a Suratut Tauba aya ta 60, gyaran gini na mai sana'a baya shiga kai tsaye. Ya je ya samu malamin da ya yarda da shi ya fada masa halin da ake ciki, watakila cikin ma'aikatan makarantar ko iyayen akwai wanda ya cancanta a bashi a hannunsa, aikin ginin kuma ya saka sadaka.