Amsa ga ƴar'uwarmu da kyanwa ta yi wa fitsari a armuwar

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƴar'uwa, tun da hantsi na karanta tambayarki, amma sai yanzu da yara suka yi barci na samu zaman da zan amsa miki a tsanake. Kin ce kin yi tafiyar mako uku zuwa Tawa, kin dawo kin tarar kyanwa ta mayar da gindin armuwar ɗinki, wato kabad ɗin katako na ajiye tufafi, da ƙafar gado wurin fitsarinta, har ta taɓa gefen katifa. Kin wanke da sabulu, kin bi da ruwan jabel, wannan da ake faranta tufafi da shi, kin turara ɗakin, zarnin ya lafa kwana biyu ya sake tasowa, shi ne kike tambaya ko a fitar da kayan a sayar ko da sauran dabara. Wallahi da na kai ƙarshen rubutunki sai da na ji zarnin nan a hancina, domin abin da ya same ki shi ya same ni shekara uku da suka wuce a nan Yamai.

Kafin komai, don Allah ki ajiye jabel ɗin nan. Fitsari idan ya kwana yana fitar da amoniya, wato wannan wari mai yaji da ke hawa kai, kuma jabel idan ya haɗu da amoniya yana tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da maƙogwaro. Haka ma idan ya haɗu da binegar, saboda haka kada ki kuskura ki zuba binegar a inda jabel bai fita ba, sai kin goge wurin sosai da tsumma mai ruwa zalla ya bushe. Ni na shaƙi wannan iskar a ɗaki rufe, na kwana biyu ina tari ƙirjina yana zafi, ga jaririya a hannu. Bayan haka kuma, kyanwoyi da yawa warin jabel jan su yake yi maimakon ya kore su.

Armuwar ɗina mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, ya je kasuwar Katako da kansa ya zaɓi katakon, ya tsaya a kan kafinta har aka haɗa mini ita cikin kayan ɗakina. Bai kai shekara biyu bayan aurena ba ya rasu. Da na haihu na tafi gida wanka, maigida kuwa a falo yake kwana, ɗakina yana kulle, ba wanda ya lura ragar taga ta yage. Kwana 40 muzurun maƙwabta yana shiga yana fita yadda ya ga dama. Ranar da na dawo na buɗe ƙofa, sai da na ja da baya na zauna a dakali.

Aka kawo mini wani kafinta, ba zan faɗi sunansa ba, na bar shi da Allah. Ya zagaya armuwar, ko sunkuyawa bai yi ba balle ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce mini: "Hajiya, berni yana kashe kowane irin wari, ki kawo jikka 20 kawai." Na cire daga kuɗin barkar da aka ba ni na miƙa masa. Ya shafa berni, wato man da ke sa katako sheƙi, sau biyu a waje, bai goge komai ba, bai taɓa bayanta ba, ya tafi. A lokacin muna cikin watan Mayu, gari ya bushe ƙamas, ga warin sabon berni ya danne komai, sai na ɗauka an gama, har na yi masa godiya na sa masa albarka.

Damina na yin nisa, cikin watan Agusta, dangin maigida suka zo daga Dogondutsi ganin yarinya. An kwana ana ruwa. Tun da asuba na ji abin yana tasowa, na sa turaren wuta kasko biyu, sai ƙamshin ya cakuɗe da zarnin ya zama wani abu da ya fi na farko muni. Mata sun cika ɗakin, wasu a kan gado, wasu a tabarma, ina ganin yadda suke kai bakin mayafi hanci suna satar kallon juna. Can sai gwaggon maigida ta dube ni a gaban kowa ta ce: "Ƴar nan, ai jego ba ya hana tsabta, a riƙa shanya shimfiɗar yaro mana." Ban iya cewa uffan ba. Ni da nake wanke tsummokin yarinyar nan sau biyu a rana, ni da hannuna ya tsattsage saboda sabulu, aka ɗauke ni ƙazama a gaban facaloli da ƙannen miji. Na shiga madafa kamar zan duba tukunya, na yi kuka har idona ya kumbura, na fito na ce hayaƙi ne. Har yau idan ta zo gidan nan sai na ga tana buɗe hanci a bakin ƙofa, ko kuwa ni ce nake ganin haka, amma tabon maganar bai bar ni ba.

Da na aika a kira kafintan, sai da aka yi masa aike uku kafin ya zo, ya tsaya daga tsakar gida ya ce shi aikin katako ya sani, bai san aikin kyanwa ba, kuma ai ni ce ban hana ta komawa ba. Alhali tun a ranar da na dawo aka gyara ragar. Ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba, ƙaryar ce, da kuma yadda ya kulle fitsarin a cikin katakon mahaifina ta fuska ɗaya ya bar masa hanyar fita ta ƙasa da ta baya.

Wani dattijon kafinta da wani likitan dabbobi ne suka fahimtar da ni abin da ke faruwa, kuma shi nake so ki riƙe fiye da komai a cikin wannan doguwar maganar tawa. Zarnin yana cikin katakon ne, ba a fuskarsa ba. Kyanwa asalinta dabbar busasshiyar ƙasa ce, jikinta yana tattalin ruwa, shi ya sa fitsarinta yake da kauri. Idan ya bushe yana barin gishiri-gishiri a cikin ƙofofin katako, har da wanda ake kira yurik asid, wanda ba ya narkewa a ruwa da sauƙi. A lokacin rani sai ya yi lamo, da zarar iska ta ɗauki laima sai warin ya farka. Akwai kuma wani sinadari a fitsarin kyanwa mai suna felinin, mai ɗauke da farar wuta, wanda idan ya ruɓe yake ba da wannan warin da ba ya kama da na kowace dabba, kuma muzurun da ba a fiɗiye ba ya fi kowa yawansa. Don haka duk wanda ya ce miki a shafa fenti ko berni kafin a zuƙe abin da ke ciki, ki sallame shi.

Ki fara gano iyakar ɓarnar. Muzuru a tsaye yake fesa fitsari ta baya a jikin abu, ya gangaro ya taru a ƙarƙashin ƙafa, inda bakin katako yake a yanke babu berni, nan ne yake shanye shi kamar soso. Ki kwashe kaya, a fitar da armuwar ƙarƙashin rumfa, a kwantar da ita ki bi ta da hanci, ciki da baya da ƙasa. Idan za ki samu ƴar tocilan mai shuɗin haske irin wadda ake duba takardar kuɗi da ita, ki haska da dare a cikin duhu, busasshen fitsari yakan nuna kansa. Ni da ita na gano har bangon da ke bayan gado ya samu rabonsa.

Dattijon nan ya goge bernin da aka shafa da takardar gogar katako, yana bin tsawon katakon, har ainihin itacen ya fito a duk inda abin ya taɓa. Daga nan ni na karɓa. Na haɗa farin binegar da ruwa daidai wa daida, na jiƙa tsumma na matse, na danna a wurin kamar minti 10, na tsane da busasshen tsumma, na bari ya sha iska. Kada ki kwarara ruwa a katako, kumbura zai yi. Bayan ya bushe na barbaɗa garin bikarbonat, wato farar hodar soda ta girki, mai kauri, na bar shi awa 24, na share. Kada ki gauraya su wuri guda don kin ga suna kumfa, junansu suke kashewa, a bi da su ɗaya bayan ɗaya. Sau huɗu na maimaita. Kanwa kuwa, wadda wata maƙwabciyata ta rantse mini a kanta, baƙin tabo ta bar mini a ƙofa ɗaya, ban ba ki shawararta ba.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne ruwan wanki mai anzim da aka yi musamman don fitsarin dabbobi, na same shi a shagon sayar da magungunan dabbobi. Shi narka ragowar fitsarin yake yi, amma yana bukatar lokaci da danshi, kuma jabel yana lalata shi. Na shafa, na rufe wurin da leda don kada zafin Yamai ya busar da shi nan take, na bar shi wasu awoyi kafin na buɗe. Inda katako ya yi duhu na ɗiga ruwan oksijene na farmasi, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, wanda ake wanke ciwo da shi. Yana kashe launi, don haka ki fara gwadawa a lungun da ido ba ya gani.

A inuwa za ki shanya, inda iska ke wucewa. Ranar garin nan da ke haura digiri 40 tana tsaga katako, tana kuma saki gam. Na sa gawayi a kwano cikin kowane gida na armuwar na tsawon mako biyu. Sai da na hura tururin baki a kan katakon na sansana ban ji komai ba, sannan aka rufe shi da gomlak, wani abu kamar ƙaro mai toshe ƙofofin katako wanda ake narkawa da alkol, shafi uku, har ƙarƙashin ƙafafu da ciki, kafin berni ya hau. Siririn falankin baya kuwa cire shi aka yi aka sa sabo, don ya riga ya ɓaɓɓare. A nan zan gaya miki gaskiya ko da ba daɗi: idan armuwar ɗinki irin ta garin katako ce da aka matse aka lulluɓe da fata mai sheƙi, kuma gindinta ya kumbura, wannan ɓangaren ba ya gyaruwa, sai dai kafinta ya yanke ya canza.

Tufafi da zannuwan gado ki jiƙa su a ruwan sanyi da binegar kafin sabulu, kada ki sa ruwan zafi, kada kuma a yi musu guga sai kin tabbatar warin ya fita, domin zafi yana kama shi a cikin zare. Dardumar salla ki wanke ta da kyau ki ɗauraye, tunda malamanmu sun ce bakin kyanwa ba najasa ba ne amma fitsarinta najasa ne. Katifar soso idan gefe kawai ya taɓa, ki zare rigar ki wanke, a yanke sosan da ya sha a cike da wani. Ni tawa na yi ta fama da ita wata biyu, ƙarshe na haƙura da ita. Tabarmar kaba ma ba ta da ceto, ta roba ce ke wankuwa. Tumtum ɗina na fata guda biyu har yau suna ɗakin ajiya, na kasa zubarwa, na kasa sa wa baƙo.

Ba ki faɗa mana ba ko kyanwar taki ce. Idan taki ce, kuma da ba ta yin haka, kada ki dake ta, kada ki goga mata hanci a wurin, tsoro kawai za ki ƙara mata ta koma yi a ɓoye, ga kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, wanda kowa ya sani. Sau da yawa ciwon mara ne ke sa su haka, ko firgicin an bar su su kaɗai a gida. Ki lura: idan tana yawan tsugunawa tana ɗigo kaɗan, ko kin ga jini, ki kai ta wurin likitan dabbobi. Idan muzuru ne yana yunƙuri yana kuka fitsari ba ya fita, a ranar za a kai shi, domin toshewar mafitsara tana kashe shi cikin ƴan kwanaki. Fiɗiya tana hana mafi yawansu feshin nan. Ki ajiye mata faffaɗan kwano da yashi mai tsabta a lungu mai shiru, nesa da inda take cin abinci, a riƙa kwashewa kullum. Idan kuma ta maƙwabta ce kamar tawa, ki gyara raga ki yi shiru, ni da na je na yi magana sai da muka yi wata uku ba ma gaisawa da matar gidan.

Armuwar ɗina ta ga damina biyu tun daga lokacin, kuma ko a tsakiyar Agusta ina buɗe ta in ɗauki zane in ɗaura ba tare da na sansana ba, sai dai baƙin tabon kanwar nan yana nan a ƙofar hagu. Kada ki kira mai sayen tsofaffin kaya tukuna. Gobe da safe ki sa a ja miki armuwar daga bango, ki duba bakin katakon ta ƙasa, ki gaya mini ko itace ne tsantsa ko matsattsen gari ne, da kuma ko ya kumbura, sai in faɗa miki ta inda za ki fara. Allah ya sawwaƙe miki, ƴar'uwa.