Ga ƙanena da zai taso daga Tawa

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce a watan Satumba za ka taho Faransa karatun noma, kuma ka ga hoton ɗan iccen nan nawa cikin kasko, kana son sanin ko mutum na iya koyon bonsai, wato renon icce ya tsaya ɗan ƙarami cikin kasko, shi kaɗai ta waya.

Ban ba ka wannan shawara ba. Nemi ƙungiya. Farkon Satumba garuruwa da yawa a nan suna ware rana, ƙungiyoyin gari su fito kowace da teburinta. Je ka tambayi ta masu bonsai. Da dama cikinsu suna ƙarƙashin Fédération Française de Bonsaï, uwar ƙungiyoyin masu bonsai ta Faransa. Akwai kuɗin shekara, ka shaida musu kai ɗalibi ne.

Bidiyo ba ya kama maka hannu. A ƙungiya za ka ga dattijo ya zaro icce daga kasko ƙarshen hunturu, ya tsefe saiwoyin da tsinke, ya datse masu kauri, ya mai da shi cikin akadama, wata jar ƙasa mai tsaba-tsaba da ake kawowa daga Japan. Sai a miƙo maka wayar alminiyom ka naɗe reshe a karkace, kar ta yi sako-sako, kar kuma ta matse har ta ci ɓawo. A yatsa ake jin wannan. Ban ruwa ma ba da agogo ake yi ba, sai ka taɓa ƙasar tukuna.

Kuma ba hannu rabbana za ka je musu ba. Ka san sassaben zamani da ya bazu daga Maradi tun shekarun 1980: manomi ya dubi tohon kututture, ya bar masu ƙarfi, ya sare saura. Irin idon da ake nema ke nan. Su itatuwan ƙasar sanyi suka sani. Kaɗan ne cikinsu suka taɓa tsayawa ƙarƙashin kuka ko tsamiya. Za su yi ta tambayarka, ta nan sabo ke shiga. Wallahi sanyin nan yana da nauyi ga wanda ba shi da inda zai je ya gaisa ran Asabar.

Kar ka sako shuka ko iri cikin jaka. Tun Disamba 2019 ba su shiga Tarayyar Turai sai da takardar shaidar lafiyarsu. Ka fara da ficus, dangin cediyarmu, shi ke jure ɗakin ɗalibi. Aje shi bakin taga, nesa da na'urar ɗumama ɗaki.

Ka gaida mini Baba da Inna.